Fashin baƙi: Mai shirin gasar Ironman ya shiga rabin gudun fanfalaki, ko ya haƙura?

Mutum ya biya kuɗin rajistar gasar Ironman, doguwar gasar da ta haɗa ninƙaya, keke da gudu, ya yi wata biyu yana tashi da asuba yana atisaye, saura masa wata uku ko huɗu. Sai ga sanarwar tseren rabin gudun fanfalaki a garinsu, abokan gudunsa duk sun rubuta suna. Ya shiga, ko ya haƙura? Tambayar ba ta ƙarewa tsakanin masu wannan wasa da masu horar da su, kuma amsoshin da aka fi ji guda biyu ne. Wasu su ce ai wanda ke shirin cin kilomita 226 a yini ɗaya, kilomita 21 ba za ta ko girgiza shi ba. Wasu kuma su ce kada ya kuskura, zai rusa aikin watanni a safiya guda.

Duka amsoshin kan nisa suka tsaya, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne yaushe tseren ya faɗo a cikin shirin, da wane ƙarfi aka yi shi, da kuma wane atisaye aka bari domin a yi shi.

Waɗanne tsere ake magana a kai?

Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, rabinsa kuwa kilomita 21.1. Gwanayen Habasha, Kenya da Yuganda suna gama rabin a ƙasa da awa ɗaya. Gama-garin masu gudun sha'awa yakan ɗauke su tsakanin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu da rabi.

Tirayatilon kuma wasanni uku ne a jere ba tare da hutu ba: ninƙaya, tseren keke, sannan gudu. Agogo ba ya tsayawa ko a lokacin da ake sauya kaya. Wanda ake yi a gasar Olamfik tun daga Sidni a shekarar 2000 gajere ne, kilomita 1.5 a ruwa, 40 a keke, 10 a ƙafa. Mai dogon zangon da ya fi suna shi ne Ironman: kilomita 3.8 a ruwa, 180 a keke, sannan cikakken gudun fanfalaki a ƙarshe. An fara shi ranar 18 ga Fabrairun 1978 a tsibirin Oahu na Hawai, bayan wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy sun haɗa tsere uku da ake yi daban-daban a wannan tsibiri, don a raba gardama kan su wa suka fi juriya cikin 'yan wasa. Mutum 15 suka fara, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. A 1981 aka mayar da gasar zuwa Kona, a babban tsibirin Hawai. Wa'adin gamawa a yawancin wurare awa 17 ne.

Akwai kuma rabin Ironman da ake kira 70.3, mai kilomita 1.9 a ruwa, 90 a keke, da 21.1 a ƙafa. A kula da wannan, domin rikici yakan shigo ta nan. Kilomita 21.1 da aka yi bayan awa uku a kan keke daban ce da wadda aka fara da ƙafa mai hutu bayan barci da karin kumallo. Ta biyun ce ake takaddama a kanta.

Dalilin da ya sa gudun biyu ba su yi kama ba

Jiki yana ƙona abu biyu in ana aikin ƙarfi mai tsawo. Akwai sukarin da yake ajiyewa a tsoka da hanta, wanda masana ke kira gilaikojin, kuma duk ajiyar ba ta wuce kusan rabin kilo ba. Akwai kuma kitse, wanda ko siririn mutum yana da isasshe. Kamar mota ce mai tanki biyu, ƙarami da ke bayar da mai da sauri, da babba da ke ɗigowa a hankali. In aka matsa gudu, daga ƙaramin ake sha, kuma yakan kusa ƙarewa cikin minti 90 zuwa awa biyu.

To rabin fanfalaki ya yi daidai da wannan ajiya. Mutum zai iya matsa wa kansa daga farko har ƙarshe, numfashi sama-sama, ya ɗan kurɓi ruwa a hanya, ya kai layi kafin sukarin ya ƙare. Abin da ake gwadawa a nan shi ne iyakar saurin da mutum zai iya riƙewa na kusan awa biyu.

Gudun Ironman ba haka yake ba. Gama-garin ɗan wasa yana sauka daga keke ne bayan ya yi awa bakwai ko takwas yana aiki, cinyoyi sun yi nauyi, baya ya ƙage, rana ta take. Ajiyar sukari ta daɗe da yin ƙasa. Abin da zai kai shi shi ne yadda jikinsa ya saba ƙona kitse, da kuma yadda cikinsa ke karɓar abinci alhali yana motsi. Masana abincin wasanni suna ba da shawarar giram 60 zuwa 90 na sukari ko sitaci a kowace awa ga irin wannan dogon aiki, kuma ciki ba ya karɓar haka sai an koya masa a atisaye. Da yawa daga waɗanda suka koma tafiya a ƙarshen Ironman, cikinsu ne ya ƙi abinci tun kan keke.

Duk mai bin wasan ya san abin da ya faru da Julie Moss a Kona a Fabrairun 1982. Ɗaliba ce mai shekara 23, tana kan gaba a ɓangaren mata, saura ƙiris ta kai layi ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe, da tazarar daƙiƙa 29. Ba sauri ne ya gaza mata ba a wannan dare. Babu wani sakamakon rabin fanfalaki da zai iya nuna wa mutum ko irin wannan na jiransa.

Shi ya sa atisayen dogon zango yawancinsa a hankali ake yin sa. Stephen Seiler, masanin wasanni da ke aiki a Norwe, ya lura cewa manyan 'yan wasan juriya kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu mai sauƙi ne, irin wanda za a iya hira ana yi. Mark Allen ma, wanda ya sha kaye a Kona sau da dama kafin ya ci sau shida tsakanin 1989 da 1995, ya sha ba da labarin yadda aka sa shi ya riƙe bugun zuciyarsa ƙasa da 155 a minti, abin da ya tilasta masa gudun da da farko yake ganin ya yi masa sanyi ƙwarai. Rabin fanfalaki da aka yi da iyakar ƙarfi yana can ɗaya ƙarshen, cikin kashi 20 ɗin nan, kuma shi ne mafi nauyi a cikinsu.

Abin da sakamakon ke faɗa, da abin da ba ya faɗa

A 1977 wani injiniya Ba'amurke, Pete Riegel, ya fitar da lissafin hasashen lokacin tsere. A taƙaice, in nisa ya ninka, lokaci yakan ninka har da ƙarin kusan kashi 4 cikin ɗari. Wanda ya gama rabi cikin awa 2, lissafin zai ba shi kusan awa 4 da minti 10 a cikakken gudu. Irin wannan hasashe ne ake gani a manhajojin waya da agogon gudu, kuma yana da amfani a wurinsa. Sai dai an gina shi a kan wanda ya fara da ƙafa mai hutu. Bai san da ninƙaya ba, bai san da kilomita 180 ba.

A duba manyan 'yan wasa. Marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya yi gudun fanfalaki cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Chikago a 2023. A 2023 ɗin dai, Patrick Lange na Jamus, wanda yana cikin mafi gudu da aka taɓa gani a dogon tirayatilon, ya yi nasa cikin kusan awa biyu da rabi a garin Roth. Gustav Iden na Norwe ya ci Kona a 2022 da gudun awa 2 da minti 36. Gaskiya ne ba mutum ɗaya ba ne, kuma Kiptum gudu kaɗai ya sa gaba. Amma tazarar rabin awa a wannan mataki ta isa ta nuna abin da keke ke yi wa ƙafa. Ga ɗan wasa na gama-gari, bambanci tsakanin gudunsa na ƙafa mai hutu da na Ironman yakan fi haka.

A nan nake ganin babban haɗarin yake, fiye da gajiyar tsoka. Mutum ya yi sakamako mai kyau a rabin fanfalaki, lambar ta zauna masa a kai, ranar babbar gasa ya sauka daga keke ya kama gudu kusa da wancan sauri. Kilomita goman farko za su yi daɗi saboda ihun 'yan kallo da murnar rabuwa da sirdi. A kilomita ta 25 sai a gan shi yana tafiya yana riƙe ƙugu. Sauri ya haifi nawa.

Wannan ba ya nufin sakamakon ba shi da amfani. Yana nuna ko ƙarfin gudu ya ƙaru daga bara. Yana ba koci ma'auni na gaskiya na bugun zuciya da sauri, wanda zai tsara sauran atisaye a kai. Yana tona asirin takalmi da safa, inda suke sa kanta da inda wando ke goge cinya. Wanda bai taɓa tsayawa cikin taron dubban mutane yana jiran a busa usur ba, zai san yadda fargaba ke kwance masa ciki, da yadda ake cafke kofin ruwa ana gudu ba tare da an shaƙe ba. Waɗannan ba a koyon su a atisayen kaɗaici.

Inda asarar take

Masu cewa a haƙura suna da hujja mai ƙarfi, sai dai ba kullum suke bayyana ta da kyau ba. Lissafin kwanaki ne. Wanda zai yi rabin fanfalaki da gaske zai sassauta atisaye kwana uku ko huɗu kafin ranar. Tseren kansa ranar Asabar ko Lahadi yake faɗowa, wato ranar da ma'aikaci mai iyali ke samun sararin hawan keke na awa biyar ko shida. Bayan tsere kuma ciwon tsoka yakan kai maƙura tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, kuma sai an yi kusan mako kafin ƙafa ta koma ɗaukar aiki mai nauyi. In aka haɗa, kusan kwana goma ke nan da ba a yi cikakken aiki ba.

A farkon shiri na wata shida, kwana goma ba komai ba ne. Amma a wata biyun da ke gaban makonnin sassautawa, dogayen hawan keke da mutum zai samu ba su wuce bakwai ko takwas ba. Rasa ɗaya ko biyu daga ciki babban abu ne, domin keke ne ke cin kusan rabin yinin gasar, kuma yadda aka sauka daga kansa ne ke tsara yadda gudu zai kasance. Wanda ke son gudun Ironman ya yi masa kyau, sau da yawa ƙarin awanni a kan sirdi yake buƙata.

Sai batun rauni, wanda na fi jin tsoro. A kowane taku na gudu ƙafa tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, kuma mai gama rabi cikin awa biyu yana yin taku kusan 20,000. Ninƙaya da keke ba su da wannan duka. Suna ƙarfafa zuciya da huhu da sauri, alhali ƙashi da jijiya suna ɗaukar watanni kafin su saba. Sai a samu ɗan tirayatilon da numfashinsa zai iya saurin da ƙwaurinsa bai shirya masa ba. Ranar tsere, ga jama'a, ga kishin kada wane ya wuce shi, babu abin da zai taka masa birki. Daga nan ake samun ciwon agara, ciwon tafin ƙafa, da tsagewar ƙashin ƙwauri, wadda ke hana gudu mako shida zuwa takwas ko fiye. Ga wanda saura masa mako goma, wannan ya gama magana.

To yaushe ne ya dace?

Masu horarwa sukan raba tseren shekara gida uku: babban da ake yi wa komai, matsakaici da ake gwaji da shi, da ƙarami da ake ɗauka tamkar atisaye. Ga mai shirin Ironman, rabin fanfalaki ba zai taɓa zama na farko ba, kuma wajibi ne ya yanke wa kansa matsayin tun kafin ya ɗaura lamba a ƙirji.

In saura wata huɗu ko fiye, a ganina a shiga a yi da gaske. Akwai lokacin murmurewa, kuma abin da aka koya zai yi amfani tsawon shirin. In saura mako takwas zuwa goma sha biyu, a shiga amma a matsayin dogon gudun wannan mako. Kada a rage atisaye dominsa. A fara a hankali, da saurin da ake fatan riƙewa ranar babbar gasa, a ci a sha daidai yadda za a yi a can, in jiki ya amsa a ɗan ƙara a kilomita biyar na ƙarshe. Faɗarsa da sauƙi. Barin mutanen da ka san ka fi su gudu su wuce ka yana da wuya, kuma wanda ya san ba zai iya danne zuciyarsa ba gara ya zauna a gida.

Wasu suna hawan keke na awa uku ko huɗu ana gobe tsere, don su gudu da gajiyayyar ƙafa. Dabara ce mai ma'ana ga wanda ya yi shekaru yana gudu ba rauni. Ga sabon shiga, haɗa gajiya da zafin tsere ƙofar rauni ce, kuma ɗan gudun minti 20 zuwa 40 da ake yi nan take bayan sauka daga keke yana koyar da kusan abu ɗaya cikin aminci.

A mako uku ko huɗu na ƙarshe kuwa babu ribar da za a samu. Lokacin sassautawa ne, inda ake rage yawan atisaye da kusan rabi don jiki ya tattara ƙarfi. Duk abin da tsere zai ƙara a lokacin bai kai abin da zai rage ba.

Wanda yake da hali, gwajin da ya fi kama da babbar rana shi ne 70.3, mako shida zuwa takwas kafin ta. A nan ne ake gwada ninƙaya cikin turmutsutsu, sauya kaya, ci a kan keke, da gudu bayan keke, duk a rana ɗaya.

Ga mai atisaye a ƙasashenmu

Wannan shawara ta ƙarshe ita ce ke da wuya ga ɗan Najeriya ko Nijar. Gasannin Ironman na Afirka suna nesa. Babbar ana yin ta a Nelson Mandela Bay ta Afirka ta Kudu, galibi a Maris ko Afrilu, sannan Ruwanda ta karɓi 70.3 a Rubavu, bakin tafkin Kivu, a 2022. Kuɗin rajista ɗaruruwan daloli ne, ga jirgi, ga biza, ga ɗaukar keke. Ba kowa zai iya tafiya biyu a shekara ba. Saboda haka tseren titi na gida ya fi daraja a wurinmu fiye da yadda yake ga Bature mai gasa kowane mako a ƙofar gidansa, domin wataƙila shi kaɗai ne gwajin da za a samu. Amma wannan tsadar ce kuma ke sa rauni ya fi ciwo, tunda ba a cika mayar da kuɗin ba.

A yi hattara da kalanda. Gudun fanfalakin Legas, wanda aka fara a 2016, galibi a Fabrairu ake yin sa. Mai shirin Afirka ta Kudu a Maris ko Afrilu da ya shiga cikakken kilomita 42 a Legas ya ɗora wa kansa murmurewar makonni a daidai lokacin da ya fi buƙatar ƙafarsa. Gajeren tseren kilomita 10 ya fi masa.

Zafi ma yana sauya lissafi. A Kano, Sakkwato ko Maraɗi, bazara tana haura digiri 40, a kudu kuma gumi ba ya bushewa. Sauri ɗaya a zafi yana ɗaga bugun zuciya ya kuma tsawaita murmurewa, don haka a bi bugun zuciya da yadda jiki ke ji, a bar kallon agogo. Shan ruwa fiye da kima shi ma haɗari ne, yana rage gishirin jini. Wani bincike a kan masu gudun fanfalakin Boston na 2002 ya samu kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada da wannan matsala. A sha gwargwadon ƙishi, a haɗa da gishiri. Wanda zazzaɓi ya kama, ko bai daɗe da tashi daga maleriya ba, kada ya shiga tsere ko ya riga ya biya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da jinin AS. Yawancinsu suna wasanni lafiya lau, amma matsanancin gudu cikin zafi da ƙarancin ruwa ya fi musu haɗari, ya kamata su san ko jininsu AS ne su kuma tuntuɓi likita.

Makon da ke biyo baya

Wanda ya shiga ya gama, kuskuren da ya rage shi ne gaggawar rama abin da ya wuce. Kwana biyun farko ninƙaya mai sauƙi ko ɗan juya ƙafa a keke sun wadatar, tare da barci da abinci sosai. Gudu ya jira kwana uku ko huɗu, ya dawo gajere kuma a hankali. Dogon hawan keke shi ne zai fara komawa wurinsa, tunda ba ya dukan ƙafa.

Ciwon da ya bazu a cinyoyi biyu kuma yake raguwa kullum, na al'ada ne. Wanda ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za a iya nuna shi da yatsa, yake ƙaruwa in ana gudu ko in an yi tsalle da ƙafa ɗaya, wannan na likita ne, kuma a dakatar da gudu har sai an duba. Haka nan in bugun zuciyar safe ya ƙi sauka zuwa inda ya saba bayan kwana huɗu ko biyar, ko barci ya ƙi zuwa, a ƙara kwana biyu na hutu kafin a koma kan jadawali.